Komawa Gida: Nazari a Kan Halin da Gemu Ke Shiga Bayan An Yaye Shi Daga Lalle

Gabatarwa

An yi rubutu mai yawa a kan yadda ake shiga rini. Kowane kwalin dayis da ke kasuwar Sabon Gari yana ɗauke da takardar bayani cikin harsuna uku ko huɗu, ga kuma hoton wani mutum yana murmushi, wanda da ganinsa ka san bai taɓa biyan kuɗin makarantar yara ba. Amma a kan yadda ake fita daga rinin, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wannan giɓi ne ƙasidar nan ta zo cikewa.

An gudanar da binciken a kan wani bawan Allah mazaunin Kano, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya shekara 6 yana shafa baƙin dayis, sannan ya shekara 14 yana ƙunsa wa gemunsa lalle, har ranar da ya wayi gari ya ce ya gaji, zai koma launinsa na asali. Bisa ƙa'idar bincike an sakaya sunansa, za a riƙa kiran sa Mai Gemun. Mai binciken ya samu damar lura da shi safe da yamma, musamman a lokutan da yake tsaye gaban madubi.

Ma'anar kalmomi

A luggance, komawa ita ce mutum ya nufi wurin da ya baro. Tana da sharaɗi guda, shi ne wurin ya kasance yana nan. Wanda ya tafi Legas ya shekara 20 zai iya komawa Kano, domin Dala da Gwauron Dutse ba su je ko'ina ba.

A isɗilahin masu rini kuwa, komawa ita ce mutum ya nufi wurin da yake tsammanin ya baro. Mai Gemun ya fara rini ne lokacin da furfurarsa ba ta wuce ya ƙirga ta da yatsun hannu ba. A lissafinsa ya kulle baƙin gashinsa a ɗaki ne kamar ɗan ci-rani, ya jefa makulli a aljihu, duk ranar da ya ga dama zai dawo ya buɗe. Abin da bai sani ba shi ne, a tsawon shekarun nan ashirin furfura ta shiga gidan a matsayin 'yar haya, ta kira danginta, ta sayi filin maƙwabta, har ta yi takardu. Saboda haka duk inda mai karatu ya ga "launin asali" a ƙasidar nan, ya fahimci ana nufin launin da aka tarar, ba wanda aka bari ba.

Yadda gashi ke samun launi

Gashi an yi shi ne da wani sinadari mai suna keratin, wanda da shi aka yi farce, da ƙaho, da kofato. Ba a cika son ambaton dangantakar nan ta ƙarshe a gaban manya ba. Duk abin da ya fito saman fata na gashi matacce ne, shi ya sa aska ba ta sa shi kuka. Rayuwa tana can ƙasa, a saiwa.

A gindin kowane silin gashi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke haɗa melanin, su zuba wa silin kafin ya leƙo duniya. A taƙaice kowane sili yana da marinarsa. Kan mutum yana ɗauke da sili kusan 100,000, wanda ke nufin duk mai suma yana yawo da karofin da marinar Ƙofar Mata, duk da ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, ba ta kai ko gefensa ba. Matsalar wannan karofi irin ta ma'aikatun gwamnati ce: marina suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, kuma an dakatar da ɗaukar sababbi. Ramin da marininsa ya tafi ba ya daina aiki, zane ne dai yake fitowa yadda ya baro masaƙa. Wannan ita ce furfura. Ita ba launi ba ce, rashin zuwan ma'aikaci ne.

A shekarar 2020 masana a Jami'ar Harvard da ke Amurka sun nuna cewa tsananin damuwa na ƙarar da tushen waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓeraye, har gashinsu ya yi fari. Ɓerayen nan ba sa sayen fetur, ba su da 'ya'ya a jami'a, ba a taɓa kawo musu lissafin kayan ɗakin amarya ba. Mai karatu ya auna nasa.

Daga nan muka samu ƙa'idar da komai ya rataya a kanta, wadda za mu kira Dokar Santimita Ɗaya: gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata. Ba ya karɓar na goro, ba ya jin lallashi, bai san akwai ɗaurin aure ranar Asabar ba. Gemu mai kamu ɗaya, wato santimita 9 ko 10, yana buƙatar wata 9 ko 10 kafin ya sake sabon lale. Lissafin ya yi daidai da na goyon ciki, har da laulayin.

Rabe-raben masu rini

Kashi na farko su ne masu lalle. Ganyen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana ɗauke da sinadarin lawson da ke ƙulla aure da keratin, auren da babu saki a cikinsa. A tafin hannun amarya ƙunshi yana gogewa ne saboda fata na sabunta kanta cikin 'yan makonni. Gashi ba ya saɓa, don haka abin da ya kama ya kama. Akwai kuma wata ɗabi'ar lalle da masu amfani da shi ba su cika yi wa adalci ba: ba ya fitowa sosai a kan baƙin gashi, farin yake bi. Ma'ana lalle bai taɓa ɓoye furfura ba. Bin ta yake sili-sili, kamar mai binciken kuɗi da jan biro, yana ja wa kowace layi don jama'a su gani tun daga bakin layi.

Rina furfura da lalle yana da asali a sunna, an kuma ruwaito Sayyidina Abubakar yana yi da lalle da katam, malamai sun yi bayaninsa, har da saɓaninsu a kan baƙin rini. Ƙasidar nan ba ta da ja da wanda ya yi don koyi. Maganarta a kan wanda ya fara ƙunshin gemu ne a satin da ya fara zuwa zance wata unguwa, kamar yadda tarihin Mai Gemun ya nuna.

Dattijon wannan kashi shi ne Ramsis na Biyu, ɗaya daga cikin fir'aunonin Masar. Da aka kai gawarsa Faransa a 1976 aka duba gashinsa, sai aka tarar da lalle a kan furfura. Ya haura shekara 3,200 ke nan bai koma launin asali ba, kuma tunda saiwar ta daina aiki, masana ba sa sa ran zai koma.

Kashi na biyu su ne masu baƙin dayis. Asalin rinin kanti yana komawa ga wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, wanda a 1856, yana da shekara 18, ya shiga neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro ya ɓuge da gano rini mai launin shunayya. Zazzaɓin na nan har gobe, rinin kuma ya cika duniya. A 1907 wani Bafaranshe, Eugène Schueller, ya haɗa rinin gashi, kamfaninsa ne ya zama L'Oréal. Galibin baƙin dayis na ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke sa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin fuska, shi ya sa takardar cikin kwali ke cewa a ɗiga kaɗan a fata a jira awa 48. Ba a taɓa jin wanda zai fita ofis gobe da safe ya jira awa 48 ba. A aikin gwamnati, inda ake ritaya da cika shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, baƙin dayis ya daɗe yana aiki a matsayin shaida na biyu ga takardar rantsuwar shekaru. Alamarsa baƙi ne wanda ba a halicci ɗan Adam da shi ba, irin na takalmin ɗan sanda ranar fareti.

Kashi na uku su ne masu launin tuta, galibi samari da 'yan ƙwallo. Baƙin gashi ba ya karɓar kore ko shuɗi sai an fara kashe melanin ɗinsa da sinadarin haidirojin faroksaid. Gashin zai bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, ya sauka a ruwan ɗorawa, sannan a ɗora launin da ake so. Melanin ɗin da aka kashe ba ya dawowa. Shuɗin da aka ɗora kuma yana kwaranyewa da wanka, ya haɗu da ruwan ɗorawar da ke ƙasa, kai ya koma launin gansakukar bakin rijiya. 'Yan Najeriya na tuna koren kitson Taribo West a gasar cin kofin duniya ta 1998, mutumin da daga baya ya ajiye kitson ya zama fasto. A wannan gasar ce aka yi gwaji mafi tsafta a fannin: 'yan wasan Romaniya sun ci wasanninsu biyu na farko da gashinsu na gado, har da doke Ingila 2 da 1. Sai suka rine kawunansu ruwan ɗorawa. Suka yi kunnen doki da Tunisiya, Kuroshiya ta kora su gida da ci 1 da nema. Kimiyya ba ta yanke hukunci da gwaji ɗaya, amma kuma ba ta mantawa.

Matakan dawowa

Matakin farko sunansa Kan Iyaka, yana farawa daga sati na biyu. Wani siririn farin layi ne ke bayyana tsakanin fata da jan gemu, a miƙe kamar an ja shi da rula. A wannan mataki an lura Mai Gemun ya koyi wata sabuwar tsayuwa, haɓa a manne da ƙirji, wadda mutanen masallaci suka fassara da ƙarin tawali'u. A sati na uku uwargidansa ta dube shi bayan sallar isha'i ta ce, "Alhaji, fura ka sha a waje?" Ya ce a'a. Ta miƙo masa tsumma duk da haka.

Mataki na biyu shi ne Tuta, daga wata na biyu zuwa na biyar, kuma a nan ake gane namiji. Farin ya sauko yatsa biyu, jan yana ƙasa, bakin gemun kuma ya koɗe ya koma kalar ruwan shayin da aka sake tafasa ganyensa. Wata Juma'a Mai Gemun ya yi kuskuren sa koriyar shadda ya shiga Kantin Kwari. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan cikin girmamawa ya ce, "Alhaji, launukan sun cika, tsarin ne kawai aka saɓa. Mu a wajenmu ruwan goron ne a sama." Tun daga ranar aka cire koriyar shadda daga binciken.

Mataki na uku shi ne Waswasi. Yawanci katin gayyata ne ke tayar da shi. Mai dawowa zai fara neman gajeriyar hanya, kuma nan da nan masu ba da shawara za su kewaye shi. An gwada wa Mai Gemun lemon tsami, an gwada kanwa, an gwada toka da sabulun salo, an gwada omo da ruwan ɗumi. Sakamakon duka ɗaya ne: haɓa ta yi ja, gemu ma yana nan ja, sai dai yanzu ya bushe kamar soson wanka. Dalili kuwa an riga an faɗe shi, lawson ya shige cikin silin, ba a samansa yake ba. Wanda kuma ya taɓa haɗa lallensa da baba don ya yi duhu, idan ya kuskura ya shafa sinadarin kashe launi, gemun na iya fita kore, ya tsallaka daga kashi na farko zuwa na uku ba tare da ya taɓa buga ƙwallo ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Bincike ya tabbatar da cewa idan wutar ta lalle ce, ruwa ba ya kashe ta.

A nan ne kuma matsalar sutura ke fitowa. Hula, ko zanna ce ko dara, ba ta sauka haɓa. Rawani mai amawali zai rufe, amma shi sai an naɗa mutum, kuma babu masarautar da ke ba da sarauta ta wata tara. Zamanin da ya fi dacewa da wannan aiki a tarihi shi ne shekarar 2020, lokacin da korona ta sa kowa ɗaura takunkumi. A Turai da Amurka ma, da aka rufe shagunan gyaran gashi, mata da yawa sun bar furfurarsu ta fito suka zarce da ita. Mai Gemun ya yi wannan shekarar yana ƙunshi a ɓoye a bayan takunkumi, gemu ja zur da babu mai ganinsa. Wannan na cikin manyan asarorin da binciken ya rubuta.

Mata suna da rangwame, domin ɗankwali da hijabi sun rufe musu matakai ukun nan kaf. Mutum ɗaya ce ke da cikakken rahoto, ita ce mai kitso, wadda ke buɗe tsaga ta ga kan iyaka ido da ido. Rangwamen yana ƙarewa ne daidai lokacin da mai kitson ta isa gida na gaba.

Mataki na huɗu shi ne Aska. Hanyoyin fita uku ne a ilmance. Akwai haƙuri, wato a bar Dokar Santimita Ɗaya ta yi aikinta ana rage baki-baki. Akwai sulhu, wato a riƙa tsarma lallen yana raguwa har iyakar ta ɓace, hanyar da ke tsawaita zaman gemu a launin kabewa. Akwai kuma hukuncin soja, a kwashe komai rana ɗaya. Ga mai rinin kai wannan abu ne mai sauƙi, ƙwaryar molo ce da hula, sati uku an wuce wurin. Ga mai gemu kuwa, haɓar da ta shekara 20 ba ta ga rana ba ba abin fitarwa ba ce gaban surukai.

Tasiri a zamantakewa

Don auna sakamako mai binciken ya yi amfani da Ma'aunin Kira, wato sunan da ɗan adaidaita sahu ke kiran fasinjan da bai sani ba. Zamanin baƙin dayis ana ce wa Mai Gemun "Yallaɓai". Zamanin lalle ya zama "Alhaji", wani lokaci "Malam". A wata na shida da yaye, wani yaro ya taka burki a Kabuga ya ce, "Baba, a hankali, bari in kama maka." An rubuta ranar da lokacin.

Ribar wannan matsayi ba kaɗan ba ce. Gidan gaba a mota ya zama nasa ba tare da ciniki ba. A layin banki ana cewa a bar Baba ya wuce. A ɗaurin aure ana matso masa da tabarmar gaba, kuma ana kiran sa sulhun rigingimun da bai san farkonsu ba, inda ya gano cewa shafa farin gemu sau biyu a hankali yana daidai da rabin hukunci. Asarar kuma ita ce 'yan matan da a da ke cewa "ina wuni" a tsaye yanzu har ƙasa suke durƙusawa, su ƙara da tambayar ya ƙarfin jiki.

Akwai kuma matsalar takardu. A wani ofishin tantance 'yan fansho, jami'in ya karɓi tsohon katin aikin Mai Gemun, ya dubi hoton mai baƙin kai da ke ciki, ya dube shi, ya sake duban hoton, sannan ya ce, "Baba, ai ba a aiko wakili. Ka ce wa ɗan naka ya zo da kansa."

Babban abin da binciken ya gano, duk da haka, a cikin gida yake. An yi hira da iyalan Mai Gemun don sanin ranar da suka fara gane yana da furfura. 'Ya'yan sun ce ba su san lokacin da ba shi da ita ba. Uwargida ta ce ita ce ta shekara 6 tana wanke baƙi daga rigar matashi da wuyan kaftani, ta kuma shekara 14 tana daka lalle tana tankaɗewa. Ta kawo lissafi: ƙunshi duk sati uku, kusan sau 240 ke nan, kowanne awa biyu, jimilla kwana 20 cur yana zaune a ɗaki da baƙar leda ɗaure a haɓa, ana sallama ana cewa ya fita. Da aka tambaye ta dalilin da ba ta taɓa magana ba, sai ta ce ba ta ga wanda abin ya cutar ba, kuma awa biyun nan su ne kaɗai lokacin da ba ya iya yin faɗa. Mai binciken ya so ya yi jayayya da wannan bayani, amma a lokacin ita ce riƙe da kwanon abincinsa.

Kammalawa

A wata na goma aka kai Mai Gemun wurin wanzaminsa, wanda ke gyara masa fuska tun yana yaron shago. Abin da ya rage na lalle bai fi faɗin farce ba, a can bakin gemu. Wanzami ya yafa farin ƙyalle, ya sa almakashi sau huɗu. Jajayen silin suka zubo kan ƙyallen kamar an barbaɗa garin barkono. Ya karkaɗe, ya miƙo madubi.

An daɗe ana kallo. Fari ne tas, tun daga saje har haɓa, mai laushi, ba ko sofane. Fuskar da ke ciki sananniya ce, sai dai ba wadda aka zo nema ba: ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa, kamar yadda yake zama a zaure bayan la'asar da carbi a hannu.

Na juya madubin hagu, na juya shi dama, na ɗaga haɓa a karon farko cikin wata goma. Na ce, "To, ina baƙin?"

Wanzami ya ci gaba da goge almakashinsa. Ya ce, "Wane baƙi, Baba? Ai ni ma rabona da shi tun kafin in yi aure."

Bisa wannan sheda, ƙasidar na ba da shawarar a daina cewa mai barin rini ya koma launin asali, a riƙa cewa ya iso. Ragowar garin lallen, kusan rabin mudu, an miƙa wa uwargida, kuma ya fito da kyau a ƙafarta.